Laifina da sunan Baba a kai

Shekarun baya, ina wata na huɗu da kama aiki, na kusa sa a sallami wani dattijo a kan ɓarnar da hannuna ne ya yi ta. Yanzu nakan ba da labarin har in yi dariya, amma a wancan makon ko tuwo ban ji ɗanɗanonsa ba.

Wani ƙaramin kamfanin safiyo ne a unguwar Abakpa, masu auna filaye da zana taswira. Ni ke kula da kwamfutocinsu goma sha ɗaya da kuma saba, wato babbar na'urar da kowa ke ajiye aikinsa a ciki. Na fito daga makaranta da zafina, filashar ajiye fayiloli rataye a wuya kamar laya. Kowa Injiniya yake ce mini, ni kuma ban taɓa musawa ba. Daga Kawo nake tahowa, ba na shiga ofis sai tara ta gota.

Dattijon shi ke riƙe da ɗakin ajiyar takardu. Baba ake ce masa, har mai kamfanin haka yake kiransa. Ya fi shekara ashirin a wurin, ba mai yawan magana ba ne.

Ranar wata Laraba aka wayi gari foldar taswirorin wani aiki na garin Katabu ta ɓace daga saba, aikin wata uku cur. Na buɗe rajistar da saba ke rubuta duk abin da aka yi a cikinta, sai ga shi ƙarara: an goge foldar ranar Talata da ƙarfe biyu da rabi, da sunan Baba. Ban tsaya karanta sauran layin ba. Na buga a takarda na kai wa mai kamfanin, ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya kamo ɓarawo a kasuwa.

Aka kira Baba. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na yi bayani cewa akwai kwafin ajiya na ranar Juma'a, aikin kwana biyu kawai za a sake. Mai kamfanin ya ce shi ba kwana biyun ne ya dame shi ba, wanda zai goge aiki ya yi shiru ba a bar masa ɗakin takardu. Ya ce Baba ya je gida sai Litinin a san abin yi. Duk ofishin mun fahimci abin da ake nufi.

Washegari, saboda in ƙarasa dawo da fayilolin, na shigo ƙarfe bakwai da rabi, karo na farko a tarihina. Kafin takwas mutane sun taru a bakin teburina. Wannan ya ce, "Injiniya, mece ce ma kalmar sirrina?" Wancan ya ce shi bai san ma yana da ita ba. Na tambaye su yadda suke shiga kullum. Sai wata abokiyar aikina mai zana taswira ta ce, "Kai da ba ka zuwa da wuri ina za ka sani? Ai Baba ne ke riga kowa. Kwamfutocin nan sun tsufa, kafin su tashi ka sha shayi ka gama. Shi ne yake bi ɗaya bayan ɗaya ya kunna, ya shiga da sunansa, mu zo mu tarar a shirye."

Ashe shekara da shekaru duk ofishin da sunan Baba yake aiki. Na koma rajistar na karanta layin har ƙarshe, inda aka rubuta daga wace kwamfuta aka yi gogewar. Ta kusa da taga ce. Nan take na tuna cewa ranar Talata bayan azahar mai ita ya yi ƙorafin tana nauyi, na zauna in rage mata kaya. Na ga wata ƙatuwar folda, na ɗauka tsohon kwafi ne da ke kan kwamfutar, na goge ba tare da na duba ba, ashe ta cikin saba ce. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ga kuma tsoro, domin aikina na farko ke nan.

Da yamma na faɗa wa mahaifiyata, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce da ta ga irin waɗannan da yawa. Na ƙare da cewa, "Umma, babu fa wanda ya sani." Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai ba mutum ba ne? Kai in an kore ka za ka samu wani. Shi a shekarunsa wa zai ɗauke shi?"

Juma'a da safe na shiga wurin mai kamfanin na zayyana masa komai. Ina gamawa na fara tunanin inda zan kai takardar neman aiki. Can ya ce, "Ashe ɓeran a cikin gida yake, shi ne kuma mai sayar da tarko." Ya wanke ni tas, sannan ya ce in tashi in je gidan Baba da ƙafata.

Na same shi a ƙofar gida yana gyara rediyo. Na durƙusa na fara, "Baba, ka yafe mini, ni ne..." Sai ya yi dariya ya ce, "Ai na gan ka zaune a kan kwamfutar kusa da taga ranar Talata, ɗana."

Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ni na ci rabona a aikin nan, kai ko wata biyar ba ka yi ba. Sai na ce bari in ba ka zuwa Litinin, in ga ko an yi tarbiyya a gidanku."

Ranar Litinin ya dawo bakin aikinsa. Na bi kowa na ba shi kalmar sirrinsa, na tsare shi sai da ya haddace, na kuma hana kowa ikon goge foldar aiki kai tsaye, har da ni. Baba ya ci gaba da kunna kwamfutoci da sassafe, sai dai yakan bar su a bakin shiga, kowa ya zo ya sa kalmarsa. A kamfanin ya yi ritaya da mutuncinsa.

Yau ina kula da sabobin da suka ninka waccan, ina da ma'aikata a ƙarƙashina, amma har gobe in na tuna dattijon nan sai in ji ƙwalla. Ya ɗora abincin iyalinsa a kan zaton cewa zan yi abin kirki, alhali ni kaina ban da tabbacin haka a lokacin. Shi ya sa in na ga ɓarnar wani daga cikin ma'aikatana a rajista, in dai ba mai gaggawa ba ce, nakan gyara in yi shiru, in ba shi zuwa Litinin. Yawancinsu ba sa kai Juma'a suke ƙwanƙwasa mini ƙofa.