Duwatsun da Inna Ta Ɗauka da Kanta

Mahaifiyata, wadda 'yan kasuwa ke kira Mai Lambu, a bakin kogi ta tsufa. Lambunta yana kan gaɓa mai tsayi, daidai inda ruwan ya karya kwana. Albasa ce da tumatir da barkono, sai layin gwaiba a baki-baki, da wata ciyawa mai doguwar saiwa da ta dasa don ta riƙe mata ƙasa. Ka zagi Inna ta yi dariya, amma ka yanki ciyawar nan ka ba akuya, ranar za ka san ta iya faɗa. Da lambun nan ta ciyar da mu bayan rasuwar babanmu, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Tana da ƙane guda, Kawu Auta. Ita ta goye shi da uwarsu ta rasu, ita ta yi masa aure. Filin mahaifinsu kogi ne ya raba shi biyu, don haka da aka zo rabo dattawa suka ce ruwa shi ne iyaka. Inna ta sami tudu, Kawu ya sami ƙetare, wani shimfiɗaɗɗen yashi da ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro. Abin ya daɗe yana damun Inna, duk kakar albasa sai ta aika masa da buhu.

Wani rani, ruwa ya ja baya har gwiwa, Kawu ya zo ya durƙusa. Bakin mutumin nan kamar an shafa masa zuma.

"Yaya, so nake in jera duwatsu a wajena, kwale-kwale ya riƙa tsayawa. Ko ɗan shago na kafa, yara su sami na sabulu."

"To me kake jira?" in ji Inna.

Ta ba shi aron baro, sannan ta naɗa gammo. Da idona na ga tsohuwar nan tana ratsa ruwa da dutse a ka, tana haki, tana yi wa masu aikin ba'a wai mace ta fi su. Jerin ya yi ta miƙewa cikin kogi a karkace, kamar an miƙa hannu ana nuna lambunmu. Na ce, "Inna, wannan ai ya wuce wurin tsayawar kwale-kwale." Ta ce, "Rufe mini baki, ke yaushe kika zama mai fito?"

Da damina ta sauka, ruwa ya taho da ƙarfinsa ya bugi duwatsun, ya juyo kai tsaye kan gaɓarmu. Ta ƙasa yake ci, sai ka ga sama lafiya lau, can ka ji rim, wani yanki ya rufta. Shekarar farko ya tafi da ciyawar. Ta biyu ya kwashe gwaibar, muna tsaye muna kallonsu suna juyawa cikin ruwa da 'ya'yansu a jiki. Daga nan ya shiga kwamin albasa.

Duk ɓarnar da aka yi, Kawu ne farkon zuwa jaje. "Ikon Allah, Yaya, sai haƙuri." Har da share ƙwalla. A can ƙetare kuwa, bayan duwatsun inda ruwa ke lafawa, baƙar laka ta yi ta kwanciya a kan yashin, fili yana ƙaruwa. Kawu ya ja kwami ya kawo injin ban-ruwa. Shago dai shiru, kwale-kwale ko sau ɗaya bai tsaya a wurin ba. Inna har murna take taya shi, wai gara da abin bai tafi ga bare ba.

Tsohon mai fito ne ya fasa ƙwan, ba da niyya ba. Yana ƙetarar da mu ranar kasuwa, ya dubi gaɓar da ta zube ya girgiza kai.

"Mai Lambu, kin yi zumunci. Lokacin da Auta ya tambaye ni inda zai sa dutse ruwa ya ajiye masa laka, na ce masa duk abin da ruwa zai ba ka a wajen yayarka zai yanko shi. Ya ce ai kun gama magana."

Na waiwaya na dubi Inna. Hannunta kawai na ga ya kama bakin kwale-kwalen. Ni kam na ƙone ƙurmus, na je wurin dattawa ina kumfar baki. Suka ce ruwa ne iyaka, duwatsu kuma a wajensa suke. Na tsani mutumin nan, har yau ban fasa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi, bai san mun ji ba. Inna tana tsugune a ɗan abin da ya rage mata, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba.

"Yaya, irin albasata sai ruɓewa yake. Ki zo ki duba mini mana, ke kika san halin ƙasar nan."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa.

Inna ta karkaɗe hannunta a zane. "Ƙasar nan ba ta son ruwa da yawa. Ka rage mata, ka ɗaga kwamin, kada ka dasa da rana tsaka." Ta faɗa a hankali, yadda ake ba da amanar yaro. Kawu ya fara godiya, ta ɗaga masa hannu.

"Ka ji abin da ka zo nema. Daga yau kada ka ƙara ce mini Yaya."

Ta koma ta ci gaba da cirar ciyawa. Ya daɗe a tsaye, ba ta ɗago ba.