Furen Bakin Katanga

A Unguwar Sarki, bayan gidanmu, Indiyawa mabiya addinin Hindu suna da ɗan wurin bautarsu. Kullum da safe wata tsohuwarsu takan gaishe ni, ta tsinki jajayen furanni a bakin katangata ta kai can. Ranar da naƙuda ta kama ni, ɗanta ne ya kai ni asibiti.

Bayan suna, yayan mijina ya zo daga Zariya. Ya ce wai muna yi wa gumaka hidima, ya sa adda ya sare furen. Ni na dasa abina, amma ko tambayata bai yi ba.

Washegari tsohuwar ta zo da kwandonta, ta kalli kututturen, sai ta tambaye ni lafiyar jaririn. Shi kuwa har ya koma ko barka bai yi mini ba.