Tsagar da Mama Ta Karkata

Mamanmu mai kitso ce, kuma tana da taɓin hankali. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya ja ku gefe ya raɗa muku, don layinmu ba a rasa masu irin wannan taimakon. Shekara ashirin da bakwai tana fama. Tana jin muryoyin mutanen da babu su, wani lokaci ta yi kwana uku tana rantsuwa maƙwabta sun zuba mana wani abu a tankin ruwa. Tana shan ƙwayoyinta safe da yamma, duk bayan wata uku mu kai ta asibiti a duba ta.

Amma da hannunta muka ci, muka sha, muka yi makaranta. Babanmu ya kama gabansa tun ina goye, wai ba zai iya ba. Ita ta iya. A baranda take aiki, kan 'yar kujerar katako, da kibiyar tsaga da matsefi da gwangwanin mai a gefenta. Matan da ke kiranta mahaukaciya a bayan ido, su ne ke rige-rigen shimfiɗa tabarma a gabanta, don tsagar Mama kamar da rula aka ja ta.

Ciwon nan bai taɓa sauka hannunta ba. Tana cikin kitso sai ka ji ta daka wa iska tsawa: "Ku yi min shiru, aiki nake!" Mai kai ta zabura, amma yatsu ba su tsaya ba. Shekarar da aka kwantar da ita wata guda, na je dubiya na tarar ta kitse nas biyu da mai shara.

Ni ce auta, kuma duk Asabar kaina nata ne. Wata Asabar na tsefe, na zauna tsakanin ƙafafunta. Ta ɗauki kibiya ta ja tsaga, na ji ta tafi wajen kunne. Ta kama gashin, ta sake, ta kuma kamawa. Da ƙyar ta yi layi biyu, sako-sako. Sai ta tsaya.

"Auta, kashi nawa ake rabawa?"

Na waiga, na ga tana kallon kibiyar kamar wani ya manta ta a hannunta. Kafin yamma ta kasa gane hanyar banɗaki, a gidan da ta yi shekara talatin.

Yayana ya zo, ya leƙa ta daga bakin ƙofa, ya ce, "Ciwonta ne ya motsa. Kin fi kowa sani."

"Na fi kowa sani, shi ya sa nake gaya maka ba shi ba ne."

Kawu, ƙanen Mama, ya ce a ƙara mata ƙwaya ta yi barci, gobe za ta warware. Na ɗauke kwalbar ƙwayoyin na jefa a jakata. Ya ce ba ni da kunya. Na ce a ajiye min kunyar, in na dawo zan karɓa.

Washegari na kai ta asibiti. Mai ba da kati yana ganin kaurin fayil ɗinta ya nuna mana ɓangaren masu taɓin hankali, ko tambayar abin da ya kawo mu bai yi ba. Haka abin yake. Mai irin fayil ɗin Mama ko ƙafa ya karya, sai an fara tambayarsa ko yana jin muryoyi.

Likitan matashi ne, ga alama ya gaji. Ya tambayi Mama yau wace rana, ta yi masa murmushi. Ya rubuta allura, ya ce mu dawo bayan mako biyu.

Na ce, "Likita, ba ciwonta ba ne."

"Malama, fayil ɗin nan ya girme ki."

"Fayil ɗin takarda ne. Ni a cikin ciwon na girma."

Ya kira na gaba. Ni kuwa na miƙe, na fizge ɗankwalina a gaban maza da mata, na sunkuyar masa da kai a kan teburinsa. Rabi a tsefe, rabi layi biyu karkatattu kamar na ɗan koyo.

"Duba nan. Matar nan ta yi kitso tana kuka, ta yi tana zagin mutanen da ba ka gani, ta yi a gadon asibitin nan da allurarku a jikinta. Ba ta taɓa karkata tsaga ba. Jiya ta tambaye ni kashi nawa ake raba gashi. Ba zan fita ba sai an duba kanta, ku kira mai gadi in kuna so."

Wata tsohuwar nas ta leƙo ta dubi kaina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Likita, ta taɓa yi min. Wannan ba hannunta ba ne."

Aka ɗauki hoton kanta. Jini ne ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Ashe mako uku da suka wuce ta zame a banɗaki ta bugu, ta ɓoye, don ta san duk abin da ta faɗa za a ce ciwon ne, a ƙara mata ƙwaya. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Likitan tiyata ya ce da mun jira mako biyun nan, da wata maganar ake yi.

Suka aske mata kai tas kafin aiki. Ban tsefe nawa ba, haka na riƙa zirga-zirga da shi.

Ba duka ta dawo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Sunayen jikokinta suna kufce mata, hannun dama yana rawa. Muryoyin kuwa ba su je ko'ina ba.

Kwana na tara bayan aikin, ina gyara mata matashi, ɗankwalina ya zame. Ta kai hannu ta shafa layukan nan biyu, ta ɓata fuska.

"Wace marar tsoron Allah ce ta yi miki wannan?"

Na ce, "Wata ce, Mama."

"Kada ki ƙara zuwa wajenta. Zauna nan ƙasa, miƙo min matsefi."

Na zauna a kan simintin asibiti. Ta ɗauki lokaci mai tsawo, hannun yana rawa, amma tsagar ta tafi sak.