Gyaran da Auwalu bai ga karɓuwarsa ba

Ina durƙushe gaban Inna a Gozaki, muna zaman makokin ɗanta Auwalu, sai saƙo ya shigo wayata: an karɓi gyaranmu.

Tare muka yi aikin, ni da Auwalu. Akwai tarkon da ake ɗanawa cikin manhaja don a bibiyi aikinta. Namu idan ya kama, sai kanel, wato zuciyar kwamfuta, ta kashe manhajar maimakon ta sake ta. Auwalu ya gano dalilin yana kwance a asibiti, muka aika wa masu kula da kanel ɗin gyaran.

Na gaya wa Inna.

Ta ce, "Zai amfani mutane?"

Na ce, "Sosai ma, Inna."

Ta share hawaye. "To, Allah ya kai ladan kabarinsa."

Don Allah duk wanda ya karanta, ya ajiye wa abokina addu'a a nan.