Kaset ɗin da Mudi Ya Yaba

Wata Asabar cikin daminar shekarar 2000, ruwa ya cika kwatar layinmu a Agege har ya shigo zaure, Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya rame sosai, tari ya hana shi fita kasuwar goro. Ya ce jibi zai tafi gida Kazaure a nema masa magani, in faɗi abin da nake so kafin ya tafi. Muna da wani tsohon gem na jonawa a talabijin, wanda kawuna direban tanka ya kawo mana daga Apapa, amma kaset ɗinsa ɗaya ne tak, duk mun haddace shi. Na ce kaset nake so.

A lokacin babu yaron da zai sayi kaset bai tambayi Mudi ba. Ya girme mu, cutar shan inna ta shanye masa hannun dama, saboda haka ba ya bugawa, sai kallo. Kullum in mun gama ɗebo ruwa muka sulale shagon gem na wani Bayarabe da muke ce wa Oga, a kan benci muke tarar da shi. In ya ce, "Wannan shirme ne, hoton bango kawai," to magana ta ƙare. Ba mu taɓa kama shi da ƙarya ba. Ranar ya nuna min wani kaset rawaya da ya daɗe a kantar Oga, da hoton soja da jirgi mai saukar ungulu. "Habu, ko a Ikeja babu irinsa," in ji shi, bai kalle ni ba. Baba da kansa ya dafa kafaɗata har shagon, yana tafiya yana hutawa, ya saya min.

Ranar tafiyar muka raka Baba tashar Iddo muka dawo, na jona kaset ɗin. Wani ɗan mutum ne ke tafiya dama, ya tsallake rami, ya sake tarar da ramin nan, da bangon nan. Babu soja, babu jirgi, babu ƙarshe.

Kafin damina ta wuce wani direban motar shanu ya kawo labarin rasuwar Baba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata suna kuka a tsakar gida. Ni ban yi ba. Ina kai buta, ina kwashe kwanoni, da aka watse kuma na koma ɗaki na kashe ƙarar talabijin ina ta tsallake ramin. Inna ta leƙo ta gan ni, ta saki labule.

A nan Mudi ya same ni da ya zo gaisuwa. Yana tsaye ya ce, "Habu, ban taɓa ganin an sa kaset ɗin nan ba. Oga ne ya ce in ba a saye shi ba in daina zama masa a benci."

Na ce, "To."

Na jira haushi ya zo, bai zo ba. Na matsa masa, ya zauna yana kallo har aka ɗauke wuta.

Yanzu 'ya'yana a waya suke duba taurarin yabo da aka ba gem kafin su ce in saya, suna gardamar wa aka biya ya yaba. Ba su san fuskar ko ɗaya daga cikin masu yabon ba. Mu a zamaninmu, wanda ya yi maka ƙarya yakan zo maka gaisuwar mutuwa.