Jar Ƙwaya a Hular Baffa

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, bayan an fitar wa mata nasu kason, gonaki huɗu suka rage mana, mu maza huɗu. Uku na tudu ne, ɗaya kuwa fadama, inda Inna, mahaifiyarmu, take noman kuɓewa da yakuwa tun kafin a haife ni. Kowa ya san Yaya, babbanmu, ya riga ya zagaya da wani mai gidan bulo na Funtua ya nuna masa wurin. In ta faɗa hannunsa, Inna ta yi sallama da kuɓewarta. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya ce ƙuri'a za a yi kamar yadda aka saba. Ya cire hularsa, ya jefa ƙwayar masara huɗu, uku farare, ɗaya ja. Wanda ya zaro jar, fadama tasa. Abin da aka zaro kuma ba ya komawa.

Bisa al'ada babba ne ke fara sa hannu. Sai Yaya ya gyara zama, ya ce, "Haba Baffa, ni da ƙannena? Su fara, ni ne na ƙarshe."

Ikon Allah! Mutumin da ko tsire aka kawo sai ya fara zaɓa. Ashe lissafi ya kwana yana yi: wanda ya fara, ɗaya cikin huɗu yake nema, in fara ta fita, saura ɗaya cikin uku, a haka har jar ta zo ta same shi yana zaune. Bai taɓa kawo wa ransa cewa wani zai iya zaro ta kafin a iso kansa ba.

Autanmu ya zaro fara. Yaya ya ce masa Allah ya sa albarka, da murya har da tausayi. Mai bi mini ma fara. Yaya ya fara shafa gemu.

Saura ni da shi, ƙwaya biyu a hula. Na miƙa hannu. A nan ne lissafin ya ƙarasa isa kansa: in na zaro jar, shi ke nan, ba abin da zai jira.

Ya riƙe mini hannu caraf. "Kai, ba ka da kunya? Babba na zaune?"

Baffa ya ce, "Af, ashe girman ya dawo? To bismilla."

Yaya ya daɗe yana lalube, kamar akwai ƙwaya ɗari a ciki. Ya buɗe tafinsa: fara sol. Baffa ya kife hular a cinyata, jar ta gangaro.

Har yau Yaya yana gaya wa mutane cewa na yi masa wayo a rabon gado, ni da ban ko sa hannu a hular ba. Inna kuwa tana nan tana nomanta. Duk kaka takan cika kwando da kuɓewa, ta ce a fara kai wa gidan Yaya, ai shi ne babba.