Abin Da Giwan Ruwa Ke Ci

Ni dai a bakin ruwa aka haife ni, can ƙasar Yawuri. Mahaifina masunci ne, nasa uban ma masunci ne. Aure ya kawo ni Kaduna, muka zauna a gidan gwamnati a Unguwar Sarki, daga baya Malam ya gina nasa a Malali, inda in damina ta yi nisa kana tsakar gida kana jin kukan kogi. Malam shi ne maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ma'aikaci ne, mutumin takarda. Da safe ya fita da jaka, da yamma ya dawo da jaka, haka muka yi ta yi har furfura ta same mu.

To, ranar da ya ajiye aiki, sai ya ajiye komai. Ya samu wata kujerar roba ya kafa a ƙofar ɗakinsa. Rana ta fito ta same shi a kai, rana ta faɗi ta bar shi a kai. In na kawo tuwo ya yi loma biyu ya ture. Ana nan, hawan jini ya taɓa shi, ƙafar hagu ta yi nauyi. Likita ya kira ni gefe ya ce, "Hajiya, magani muna bayarwa, amma in bai riƙa taka ƙasa ba, ƙafar nan za ta tafi ta bar shi." Na dawo gida na yi lallashi, na yi magiya, na sa 'ya'ya suka yi nasu. Malam ya ce ina za shi? Wa ke nemansa?

Ana cikin haka babban ɗanmu ya dawo daga kwas a ƙasar Turawa, ya zo wa ubansa da tsaraba. Sandar fatsa ce doguwa, mai abin naɗe igiya a gindi, igiyar kuwa siririya kamar gashin doki. Sai wani kifin roba, tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa kan yatsa, kore da ruwan ɗorawa, idonsa ja, ga ƙugiyoyi masu baki uku-uku suna reto a cikinsa. Ya buɗe waya ya nuna masa Turawa a kan wani tafki, sun sha rigunan sanyi, suna jefa irin wannan abu suna fito da wani dogon kifi mai haƙora. Ya ce can an ce babban kifi ba ya kula ƙaramin abu.

Malam ya daɗe yana kallo. Sai na ji ya ce, "A koginmu wane ne babba?"

Na ce, "Giwan ruwa, Malam."

Ya ce, "To ita zan kama."

Wallahi ban ɗauki maganar da nauyi ba. Amma washegari bayan ya karya kumallo, sai ga shi da sandar fatsa a kafaɗa, sandar dogarawa a hannu. Daga gidanmu zuwa bakin ruwa ba nisa, amma ranar ya ce sau huɗu ya zauna a hanya. Bayan sati guda sau biyu. Kwanci tashi ya daina zama, ya daina ɗaukar sandar dogarawar ma. Ya tafi da hantsi, ya dawo kafin azahar, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce a ba shi abinci. Ni kuwa in shiga ɗaki in yi ta godiya ga Allah.

Abu ɗaya ne babu: kifi. Ya jefa, ya naɗe, ya jefa, ya naɗe, ko motsi.

Da la'asar abokansa kan taru a ƙofar gida a kan tabarma, ni ina daga ciki ina jin su ta katanga. Cikinsu akwai wani Bakano da suka yi aiki ofis ɗaya, yana zuwa daga Hayin Banki a tsohuwar motarsa. Shi Malam Bazazzagi ne, don haka ba sa raga wa juna. Tun kafin ya kashe mota zai fara.

"Sarkin ruwan Malali! Ina kasona? Na ce wa iyali kada a ɗora miya sai na dawo."

Malam ya ce, "Ku Kanawa me kuka sani a ruwa in ba kududdufi ba?"

"Kududdufinmu dai ana samun tarwaɗa. Kai wannan dodon naka, kifayen suna ganinsa sai su ce ga yayanmu ya zo, a ba shi hanya."

A yi ta dariya, shi ma ya yi. Da farko har cikinsa yake yi. Daga baya na lura dariyar ta koma ta baki kawai. Kafaɗarsa ta dama kuma ta fara ciwo, don abin yana da nauyi, kullum sai na gasa masa da ruwan zafi.

Ni na san inda matsalar take tun ranar da na ɗaga kifin robar nan a hannuna. Lokacin bazara ne, ruwa ya ja, duwatsu sun fito, abin da ya rage sai gurbi nan, gurbi can, ruwan ya kwanta garai-garai. A irin wannan ruwa ka jefa abu kamar taɓarya, ya faɗa fanjam, ai duk mai rai a wurin ya san an zo. Na taɓa gwada faɗa masa sau ɗaya, ina gasa masa kafaɗa. Na ce, "Malam, anya bai yi girma ba?" Ya jawo kwalin da abin ya zo a ciki, ya sa tabarau, ya nuna mini rubutu. Ya ce, "Masu abin sun rubuta a nan. Na manyan kifi ne." Na ci gaba da gasa masa kafaɗa. Mutumin da ya yi rayuwarsa da takarda, ba da baki ake raba shi da ita ba. Kuma tsarabar ɗansa ce, kushe ta kamar kushe ɗan ne.

Wata Talata ya dawo da wuri, ya jingine sandar a bango, ya nemi kujerar nan ya zauna. Ya ce, "Juma'a zan je na ƙarshe. In babu, a ba wa wani kayan. Na gaji da zama abin dariya da furfurata."

Ba kifin ne ya dame ni ba, kifi yana kasuwa. Na san in ya daina zuwa kogi, ya daina zuwa ko'ina.

Na wuni ina juya abin, sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Yana da wata al'ada da ba ya ketarewa. Duk sabon wurin da ya je su, kifin farko da ya kama ba ya sayarwa. Zai zauna a bakin gaɓa ya farke cikinsa, ya buɗe tumbin, ya duba abin da ya ci. Abin da ya gani a ciki, shi zai nema ya sa a ƙugiya. Mu 'ya'yansa mata mu ke gyaran kifi, don haka tumbin da na buɗe da hannuna ba ya ƙirguwa.

Laraba da safe na yafa mayafi na tafi kasuwar Kawo, wurin wata mai kifi da na saba da ita. Na ce ina son giwan ruwa, ta koginmu, kuma kada a farke ta. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, yau kuma aikin wahala kike so? Bari in gyara miki." Na ce a'a, haka nake so. Ta ce ba kullum ake samu ba, sai gobe in masunta sun kawo. Alhamis na koma, Allah Ya taimake ni, ga ta nan, ta kai tsawon hannun babban mutum, ɓawonta yana sheƙi kamar sabon kwano.

Na shimfiɗa buhu a tsakar gida, daidai gaban kujerarsa. Ya kalli kifin ya kau da kai. Ya ce, "Ke ma kin shiga layin Bakano ke nan?"

Na ce, "Ni miya zan yi. Riƙe mini kan, Malam, yatsuna sun yi tsami."

Ya sauko ya tsuguna. Na sa wuƙa na farke, na jawo kayan ciki, na ware tumbin a kan faranti na tsaga shi a hankali. Ƙananan kifaye guda huɗu suka zubo. Biyu sun fara narkewa, biyu kuwa suna nan da idonsu. Babban cikinsu bai wuce ɗan yatsana na tsakiya ba.

Na ci gaba da kankare ɓawo.

Can ya ce, "Wannan ƙatuwar, abin da ta ci ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

"Don ba ta samu babba ba ne. Da ta samu, da ta haɗiye."

Na ce, "Da ta haɗiye, Malam, ba ƙarya. Na taɓa ganin Baba ya ciro karfasa mai faɗin tafi biyu daga cikin wata. Amma sau ɗaya na gani, lokacin ruwa ya cika ya yi ja. Waɗannan ƙananan kuwa kullum ne. Giwan ruwa ba ta son wahala. Tana laɓe a gindin dutse, abin da ya gifta ya yi daidai da bakinta, shi take zuƙewa."

Ya ɗauki ɗaya daga cikin kifayen ya aza a tafin hannunsa, ya daɗe yana juya shi. Ya ce, "Shekara nawa muna tare, ba ki taɓa gaya mini kin san wannan ba."

Na ce, "Ba ka taɓa tambaya ta kan kifi ba sai in ya dahu."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wasu ƙananan ƙugiyoyi da suka zo cikin kwalin, waɗanda bai taɓa kulawa ba. Na nuna masa inda ake sokawa, a gadon baya, ƙasa da ƙaya kaɗan, kada a taɓa ƙashin tsakiya, don kifin ya zauna da ransa yana mutsu-mutsu. Na ce ya tafi da ƙaramin bokiti, ya roƙi masu jefa birgi, wato ragar kamun kifi, su ba shi ƙanana masu rai. Na ce ya nemi inda ruwa ya yi duhu a gindin dutse, ya saki a hankali, ya zauna ya yi shiru. Ya sa na maimaita sau biyu, har ya ɗauko biro ya rubuta a bayan kwalin.

Juma'a ya fita da sassafe. Hantsi ya ɗaga, shiru. Aka fara shirin masallaci, shiru. Na leƙa ƙofa ya fi a ƙirga. Can sai ga shi, wando a jiƙe har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu, bokiti babu komai. Amma tun daga bakin ƙofa ya fara magana.

"Hajiya! Ta zo! Wallahi ta zo! Ina zaune sai na ji an fizge ni kamar an ɗaura wa sa igiya. Sanda ta lanƙwashe, na miƙe, ta ja, na ja, ta yi tsalle na ga bakinta a buɗe kamar ƙwarya. Ta shige ƙarƙashin dutse, igiya ta tsinke."

Na ce, "Ta tafi ke nan?"

Ya ce, "Ta tafi ina? Na san gidanta yanzu. Miƙo mini ruwan wanka kada in rasa salla, kuma a ƙara mini tuwo in na dawo."

Bai ƙara maganar bayar da kaya ba. Asabar ya koma, Lahadi ya koma. Waccan babbar dai bai sake gamuwa da ita ba. Sai bayan kusan sati uku ya kamo wata, ba ta kai ta kasuwa ba, amma giwan ruwa ce, babu mai musu. Ya hana a taɓa ta sai da Bakano ya iso. Ya sa aka ajiye ta a kan tire a tsakiyar tabarma. Bakano ya zagaya ta, ya tsuguna ya shinshina, ya ce, "Wace mai kifin ce ta rufa maka asiri?" Malam ya buɗe bakin kifin ya nuna masa ƙugiya, ya bar ta a ciki da gangan. Bakano ya ce, "To wannan ai jikanyar giwa ce." Amma shi ya cinye kan, har yana tambaya ko da sauran romo.

Na yanka ta gunduwa-gunduwa, na soya, na aika wa maƙwabta na dama da na hagu, kowa ɗan kaɗan. Ni ma na ci, na ji ɗanɗanon garinmu a bakina.

Kifin robar bai yar ba. In ruwa ya cika ya yi ja yakan gwada shi jefi-jefi, don ɗansa. Sau ɗaya wani abu ya kai masa cizo ya bar shaidar haƙora a fenti, ya kawo ya nuna mini, na ce ai na gaya maka na lokacin cikar ruwa ne. Amma duk abin da ya shigo tukunyata daga hannun Malam, da ɗan kifi kamar yatsa aka kamo shi.

Damina bakwai ya ƙara a duniya bayan wannan, kuma da ƙafarsa ya yi su. Da ita ya je kogi, da ita ya je masallaci, da ita ya je sunan jikokinsa har Zariya. Ciwon ajalinsa kwana uku ne kawai, a ƙarshen wata damina. Safiyar ranar ƙarshe na kai masa kunu, ya sha cokali uku, ya ɗaga kai yana saurare, ya ce, "Hajiya, kamar ruwa ya fara ja ko?" Na ce ya fara. Ya ce, "Madalla."

Allah na gode maKa da shekarun nan bakwai. Ka jiƙan Malam, Ka jiƙan mahaifina, Ka sa mu cika da imani.